Fayil Uku, Mutum Ɗaya

Idan ka shiga asibitin ta ƙofar gabas, ka wuce darbejiyar da masu jinya ke shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinta, ɗakin farko da za ka tarar a hagunka shi ne ɗakin kati. Taga ɗaya gare shi mai kallon waje, inda jama'a ke layi tun rana ba ta yi zafi ba, da teburi ɗaya can ƙurya, inda ba mai yin layi. A wannan teburi Yagana Mele ta shekara ashirin da bakwai. Marasa lafiya da yawa sun zo sun warke sun koma gida ba su taɓa ganin fuskarta ba, alhali ita ta san hawan jininsu da saukarsa kamar yadda manomi ya san tudun gonarsa da kwarinta.

Babarbariya ce ta asali, amma a Babura aka binne cibiyarta. Mahaifinta Mele ya zo daga gabas da jakunan kanwa yana saurayi, kasuwa ta karɓe shi, ya sauke kaya bai ƙara ɗaurawa ba. Daga baya ya koma dillancin shanu a kara. An ce idan ya ga saniya sau ɗaya, ko bayan damina uku aka dawo da ita cikin garke, zai nuna ta da sanda. Ya bar gona ɗaya da 'ya'ya bakwai, amma wannan ido Yagana kaɗai ta gada. Sai dai nata garken rubutun likitoci ne.

Ta kama aiki lokacin da kati kwali ne, kantoci na katako, gara kuwa babbar abokiyar gaba. Likita goma sha ɗaya ta gani sun zo sun wuce, kowanne da irin tafiyar alƙalaminsa: wani kamar sawun kaza a kan rairayi, wani kamar igiyar da akuya ta tsinke take ja. Duk ta karanta su. A tsakanin haka ta auri malamin firamare, ta haifi biyar, ta aurar da uku, ta sauke farali. Barbarcin da ya rage a bakinta bai wuce na gaisuwa da na yi wa jikoki faɗa ba.

Sai zamani ya zo da inshorar lafiya, ya zo da kwamfuta, ya zo da lamba. Aka yi wa tsofaffi da marasa ƙarfi rajista, kowa da lambarsa, a duba shi a ba shi magani bai sa hannu a aljihu ba, asibiti kuma ya aika wa ofishin inshora bayani a ƙarshen wata. To, ofishin nan ba ya jin Hausa, ko Turanci ma bai cika ji ba, lamba kawai yake ji. Kowace cuta da lambarta. Kowane ganin likita ma da tasa. Akwai ta sabon zuwa, wanda likita zai zauna ya tono ciwonsa tun daga saiwa. Akwai ta mai dawowa, wanda za a ɗora masa daga inda aka tsaya. A cikin kowace kuma akwai gajeren dubawa, akwai dogo. Aikin Yagana shi ne ta karanta abin da likita ya rubuta ta mayar da shi lamba. Takan ce ita tafinta ce: mara lafiya ya yi nishi, likita ya mayar da nishin rubutu, ita kuma ta mayar da rubutun abin da birni zai gane. Doka ɗaya ta riƙe, ta kuma koya wa duk wanda ya zauna kusa da ita: abin da likita bai rubuta ba bai faru ba, abin da ya rubuta kuma ba a ƙara masa gishiri.

Tana son aikin, so irin na tsohuwar zuma, marar hayaniya. Ta fi son bayan azahar, sa'ad da layi ya watse, fanka na juyi a hankali, tulin fayiloli na raguwa a damanta yana ƙaruwa a hagunta, kamar mai tsintar wake.

Wata Litinin a farkon kaka, gero ya fara sunkuyar da kai, takarda ta zo daga ofishin inshora. Muhsin, magidancin da ke zama a taga yana yankar kati, shi ya shigo da ita, riƙe da yatsa biyu kamar wanda ya kama kunama.

Takardar ta ce an turo musu lamba ɗaya sau uku cikin wata shida, da suna uku: Baba Dela, Maigida Ruga, Baffa Kanya. Kowanne an sa shi sabon zuwa, kuma babu ɗaya daga cikin ukun da ya dace da sunan da ke cikin rajista. Suna zargin mutum uku ne ke cin rabon mutum ɗaya. Idan zuwa Juma'a ba a aiko da sunan gaskiya da shaidar likita ba, za a rufe lambar. Sunan gaskiyar kuwa ba za su faɗa ba, tunda shi ne jarrabawar.

Muhsin ya ce, "Hajiya, a bar su su rufe mana. Mutanen ruga ne, sun mayar da kati ɗaya ƙwaryar gayya, kowa ya zo ya sa ludayi."

Ta ce, "Ɗauko mini fayilolin."

"Duka ukun?"

"A'a, biyu da rabi."

Ya yi dariya ya je ya ɗauko. Ta jera su a kan teburi, ta gyara tabarau. Duka ukun hannun Likita Zaharadeen ne, matashin likitan da ke ganin mutum tamanin a yini, wanda rubutunsa ke gudu kamar ana bin sa da sanda. Na farko: namiji, wajen shekara sittin da biyar, ɓarin dama ya shanye, magana ba ta fita, jini ya hau. Na biyu haka. Na uku haka. Wannan bai isa shaida ba, don irin wannan ciwo ya yi yawa a ƙasar. Amma can ƙasan kowane shafi, inda likitan ke rubuta abin da idonsa ya gani a jiki, akwai layi ɗaya da ya maimaita kansa sau uku: tsohon tabon ƙaho a kafaɗar hagu.

Ta ce, "Muhsin, sa ɗaya ba ya sukar mutum uku a kafaɗa ɗaya. Mutum guda ne."

Sannan idonta ya sauka ƙasan layin, inda lambar sabon zuwa take a rubuce sau uku, kowace da sa hannunta a gefe. Wata bibbiyu ne tsakanin fayilolin, ɗaruruwa sun bi ta hannunta a tsakani, uzuri na nan a ajiye ga mai so. Ba ta ɗauka ba. Idon Mele ya yi gyangyaɗi, shi ke nan.

Da aka matsa wa Muhsin ya tuna, sai ya tuna. Wata Bafulatana ce ke kawo mutumin. Takardar rajistarsu ruwa ya cinye sunan, sai lambar da wani ya kwafa da biro a bayanta, kwamfutar taga kuwa rabin wata ba ta samun sabis. Idan ya tambayi suna, sai matar ta ja mayafi ta rufe baki. Karon farko ta ce baban Dela ne. Karo na biyu ta ce maigida ne, daga ruga. Karo na uku ɗan acaɓar da ya kawo su ne ya leƙo ya ce ai Baffa ne, daga wajen Kanya Babba. Katin asibiti na farko maraƙi ya taune shi, na biyu ya tafi da wanki.

"Ba ka tambaye ta ko sun taɓa zuwa ba?"

"Hajiya, mutum nawa ne a bayanta? In na tsaya hira da kowa ai sai magariba."

"Alkunya ce ta hana ta. Mijinta ne. Kai matarka Khairiyya tana kiran sunanka?"

Muhsin ya sosa ƙeya. "Idan ta yi fushi."

Yagana ta duba ranar da aka ba mutumin ya dawo: sai wata mai zuwa. Kafin nan an rufe lambar. Zai zo a kan babur, a danne tsakanin direba da matarsa, a ce masa babu. Ƙwayoyin da ke riƙe da jininsa kuwa ba abin da kuɗin nono zai iya ɗauka ba ne wata da watanni. Za a saya sau ɗaya, a saya rabi, a daina, ciwon ya dawo ya ɗauki ɓarin da ya bari.

Washegari ta kama ranar kasuwa. Yagana ta roƙi rabin yini, abin da ta daɗe ba ta yi ba, ta hau acaɓa zuwa inuwar da matan Fulani ke jera ƙwaryarsu. Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa tun na kakanni, kowa na cewa shi ne ubangijin ɗaya, kuma ba a fushi. Da wannan sanda ta shiga.

Ta ce, "Sannunku, bayina. Wa ya kwance ku kuka shigo gari?"

Wata tsohuwa ta ɗago ta dubi zanen fuskarta ta ce, "Ji Babarbariya. Kin zo roƙon nono ne, ko kin ɓata hanyar gida?"

Aka yi dariya, aka matsa mata wuri a tabarma. Ta sha fura tukuna, don ba a tambaya da baki busasshe. Sannan ta ce tana neman matar da mijinta ya samu shanyewar jiki a wata ruga ta wajen Kanya Babba. Ludayi uku suka nuna wuri ɗaya. A ƙarshen layi wata doguwar mace ce zaune, siririya, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali. Sunanta Shatu.

Yagana ta koma kusa da ita, ta rage murya, ta gaya mata komai dalla-dalla: takarda, suna uku, Juma'a. Shatu ta saurara, hannunta na juya ludayi a cikin nono ba tare da ta sani ba.

Ta ce, "Ni ban yi ƙarya ba. Abin da suka tambaya na ba su abin da bakina zai iya."

"Na sani. Laifin namu ne. Babu wani a rugar da zai faɗa?"

"Ƙannensa sun yi kudu da shanu, sai bayan girbi. Dela tana gidan miji can cikin Faransa, wato Nijar. Yara kuwa Baffa suka sani. Shi da zai faɗa, bakin ya ƙi." Ta ajiye numfashi. "Shekara arba'in ban kama sunan nan ba. Yau a tsakiyar kasuwa?"

Yagana ta ce, "Wa ya ce ki kama? Ni ma Malam nake cewa, har yau. Amma ke baiwata ce, dole ki yi mini aiki. Kewaya da ni. Kamar yadda kuke kewaye gonar mutane da shanu."

Matar da ke gefe ta ce, "Ko kamar yadda ba ma kewayewa ba."

Dariya ta ƙwace wa Shatu, ta rufe baki da gefen mayafi. Da dariyar ta lafa, sai ta dubi cikin ƙwarya, ta yi magana kamar da nonon take yi.

"Kin san babbar salla."

"Na sani."

"Wanda aka kwantar, aka fanshe shi da rago."

Yagana ta ce, "Alhamdu lillahi. To zan jero yadda ake faɗa, in na zo kan nasa ki ajiye ludayi. Isma'il. Sama'ila. Sama'ilu."

Ludayi ya kwanta a bakin ƙwarya.

"Saura na mahaifinsa."

Shatu ta zaro ido. "Suruki kuma? Ke Babarbariya ba ki da tsoron Allah."

"Ina da shi, shi ya kawo ni. Kewaya."

Wani ya zo sayen nono, Shatu ta auna masa, ya tafi. Sannan ta ce, a hankali ƙwarai, "Wanda ƙarfe ya yi laushi a hannunsa."

"Dauda."

Shatu ta sunkuyar da kai. Ta ja mayafi har goshi, ta juya fuska wajen masu tallan gyaɗa. Yagana ta rubuta a bayan hannunta da biro, don takarda na iya ɓata, ta ce su zo gobe da sassafe, kada su bi layi.

Laraba da hantsi suka iso. Aka sauko da mutumin daga babur, aka zaunar da shi a benci ƙarƙashin darbejiya: dogo, fari, hannun dama a kwance bisa cinya kamar baƙon da ba a san inda za a sauke shi ba. Yagana ta riga ta cire fayil biyu daga bangonsu ta ɗinke su cikin na farko, ta rubuta sabon suna da manyan baƙaƙe. Ta fito da kanta, abin da masu jinya ba su saba gani ba, ta tsaya a bakin ƙofa ta kira.

"Malam Sama'ilu Dauda."

Mutumin ya ɗago kai. Ya dube ta, ya dubi mutanen da ke kan benci, kamar yana neman wani mai sunan. Sannan ya ɗaga hannun hagu sama, ya bar shi a can ya daɗe. Tun da ƙannensa suka tafi babu wanda ya kira shi haka. Shatu kuwa ta sami abin kallo a reshen darbejiya.

Likita Zaharadeen ya buɗe fayil ɗin, ya juya shafi, ya koma baya, ya sake juyawa. Ya cire tabarau ya murza ido.

Ya ce, "Mama, kin ga abin da na yi? Duk zuwan da ya yi, sai in ɗauke shi sabo, in fara masa da mafi ƙanƙantar magani, in ce idan ya dawo a ƙara. Sau uku ina aza harsashi, ban taɓa ɗora bulo ba. Fuskar ta yi mini kama, amma takarda ta ce sabo ne."

Ta ce, "Takardar ni ce. Kai dai ka gode wa san da ya soke shi. Kuma ka gode wa Allah da ya yi mai iya karanta wannan sawun kazar taka."

Ya yi murmushi, ya jawo abin awon jini. Ya daɗe a kan Sama'ilu ranar. Ya gwada ƙarfin ƙafa, ya sa shi ya matse masa yatsa, ya tambayi Shatu yadda yake haɗiya da yadda yake barci, ya ƙara magani, ya nuna mata yadda za ta riƙa miƙe masa hannu safe da yamma. Sannan ya rubuta shaida cewa mutum ɗaya ya gani sau huɗu, ya buga hatimi.

Yagana ta koma teburinta. Zuwan farko ta bar shi a sabon zuwa. Na biyu da na uku ta sauke su zuwa lambar mai dawowa, na ranar kuma ta ba shi ta mai dawowa, dogon dubawa, don abin da aka rubuta ke nan. A ƙasa ta ƙara layi biyu da hannunta: cewa kuskuren lamba daga gare ta ne, mara lafiya da matarsa ba su da hannu a ciki.

Muhsin ya leƙa ta kafaɗarta ya ce, "Hajiya, saura shekara uku ki yi ritaya da fayil fari tas. Ki ce kwamfuta ce. Kwamfuta ba ta da fansho."

Ta ce, "Kwamfuta ba ta sa hannu ba." Ta ninke takardar, ta ba direban asibiti ranar Alhamis, ta tsaya har ta ga motar ta hau titin Kazaure.

Amsa ta ɗauki mako uku. Da ta zo, gajeriya ce: suna ya dace, lamba na nan a buɗe. A tare da ita akwai wata takardar, ta jan kunne, mai sunan Yagana, ta farko a shekara ashirin da bakwai. Ta karanta ta sau ɗaya, ta huda ta da kanta, ta sa a cikin fayil ɗinta daidai inda ya kamata ta zauna. Da ta gaya wa Malam a gida, yana gyara ƙafar kujera, sai ya ce farin zane ma sai da ɗigon shuni yake kyau. Ta ce ya dai gyara kujerarsa.

Tun daga lokacin aka sauya tambaya a taga. Idan mace ta kawo namiji ta ja mayafi, Muhsin ba ya rubuta abin da ya fara faɗowa. Yakan ce, "Baba, kun taɓa zuwa?" Sannan ya ce, "In ba ya faɗuwa, kewaya da ni." Ya zama gwani har yana alfahari. Ya san wanda kifi ya haɗiye, ya san wanda aka jefa a rijiya, ya san mai sunan watan azumi. In ta cije masa, sai ya leƙa ƙurya ya kira Hajiya.

Bayan an gama girbi Sama'ilu ya dawo ganin likita. Wannan karon da sanda ya tako daga bakin ƙofa zuwa benci, yana jan ƙafa, Shatu na biye ba ta riƙe shi ba. Katin asibitin yana rataye a wuyansa cikin jakar fata da ta ɗinka masa, inda maraƙi ba zai kai ba. Da suka fito daga wurin likita, Shatu ta zagayo ta ƙofar ɗakin kati ta dire ƙwarya a kan teburin ƙurya, a tsakiyar fayiloli, kindirmo mai kauri da man shanu na iyo a kai.

Yagana ta ce, "Ɗauke mini daga kan takardun mutane. Wannan harajin baiwa ne?"

Shatu ta ce, "Sadaka ce. An ce a riƙa tausaya wa Barebari."

Yagana ta matsar da ƙwaryar gefe, ta jawo fayil ɗin da aka kawo daga ɗakin likita. Jini ya sauka. Yatsu biyu sun fara motsi. Ta bi sawun kazar da ido har ƙasa, ta ɗauki biro, ta rubuta lambar mai dawowa, gajeren dubawa, ta ɗora shi a kan tulin hagu.